Sha-ka-fashe: Ƙibar da Ake Sayowa a Kemis

Uwargida, kin san yadda gaisuwar gidan biki take a nan Ƙofar Ɗan Agundi da sauran unguwannin cikin badala. Ba ki gama ajiye mayafi ba wata za ta tare ki: "Ke kuwa lafiya kika rame haka? Ko maigidan ya daina cefane ne?" Da dariya ake faɗa, amma maganar takan bi mace har ɗaki. Daga nan wasu sukan aiki yaro kemis ya sayo sha-ka-fashe, musamman amaren da ake wa gyaran jiki da matan da suka ji ƙishin-ƙishin ɗin kishiya.

Galibi magunguna biyu ake nufi da wannan suna. Na farko maganin ƙaiƙayi ne da atishawa, wanda ke cikin Periactin da Apetamin. Yana buɗe ciki, yana kuma sa barci mai nauyi da jiri. A shekarar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan Apetamin, ta ambaci har da illa ga hanta.

Na biyun, deksametazon, ya fi ban tsoro. Magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa saboda asma ko kumburi, bisa ƙa'ida. Wadda ta daɗe tana sha za ta ga kumatu sun cika, tumbi da ƙeya sun tara kitse, amma hannuwa da ƙafafu suna sirancewa. Fata ta yi laushi, nankarwa ta fito. Daga baya hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi su biyo. Yana taɓa zuciya ma: rashin barci, saurin fushi, kuka ba dalili. Sai mutanen gida su ce ai ƙiba ce ta sa mata girman kai.

Abin da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ke fara tambaya shi ne me ya kawo ramar. Wata haka ƙirar gidansu take, babu abin gyarawa. Wata kuma sukari ne, ko tarin fuka, ko ciwon maƙoƙo, kuma sha-ka-fashe rufe su kawai zai yi. Ga kuma damuwa. Idan kin kai mako 2 ranki a ɓace kusan kullum, abinci ya fita kanki, abin da kike so da ya daina burge ki, musamman bayan haihuwa, wannan ciwo ne mai magani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba shi, haka asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Akwai gwajin da za ki yi a gida. Ki ɗauki mako guda kina rubuta abin da kika ci, lokacin, da halin da zuciyarki take ciki. Wata za ta tarar ranar da aka yi cacar baki ce take kwana da yunwa. Wata kuwa ranar ce take cinye kwanon cincin. Ki tsayar da lokutan cin abinci uku, ko da kaɗan ne, ki ƙara da ƙwai, wake, gyaɗa da fura da nono a tsakani.

Sai 'ya'yanki mata. "Sillan kara" da "buhun gero" da ake kiran yarinya da wasa, ita ba wasa take jin sa ba, kuma tana kallon yadda kike tsaki a gaban madubi.

Idan kuwa kin riga kin daɗe kina shan deksametazon, kada ki yanke shi rana ɗaya. Jiki ya rage samar da nasa sinadarin, yankewar gaggawa kan jawo amai, kasala mai tsanani da faɗuwar jini har a suma. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina sha, shi zai tsara miki yadda za a riƙa ragewa a hankali.