TSIBIRIN LESBOS: INDA ILMIN HALITTU YA FARA TSAYAWA DA ƘAFARSA

Ƙasar Girka tana da tsibirai masu ɗimbin yawa a Tekun Ejiyan, waɗanda masu yawon buɗe ido suke tururuwa zuwa cikinsu kowace shekara. Da yawa daga cikinsu sukan nufi Santorini ko Mikonos don kallon fararen gidaje da shan iskar bakin teku. Amma ga ɗalibin ilmin halittu, babu tsibirin da ya kai Lesbos daraja, domin a bakin ruwansa ne aka fara nazarin dabbobi da tsirrai bisa tsari, fiye da shekara 2,300 da suka wuce.

Lesbos shi ne na uku a girma cikin tsibiran Girka, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,630, yana kuma daf da gaɓar Turkiyya. Babban birninsa Mitilini, kuma itatuwan zaitun sun lulluɓe yawancin tuddansa. A tsakiyar tsibirin teku ta kutsa cikin ƙasa ta wata siririyar ƙofa, ta yi wani makeken tafki na ruwan gishiri da ake kira Kalloni. Da yake ruwan ba shi da zurfi ƙwarai, ga kuma ƙoramu suna zuba masa abinci daga tudu, sai ƙananan halittu suka yawaita, kifi ya biyo su, tsuntsaye kuma suka biyo kifin. Ƙauyen masunta na Skala Kalloni ya shahara da kifin sadin, kuma cikin watan Afrilu masu kallon tsuntsaye sukan taru a nan don ganin waɗanda suke komawa Turai daga Afirka.

Wajen shekara ta 345 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin nan Aristotal ya sauka a wannan tsibiri, ya yi kimanin shekara biyu. Ya riƙa tambayar masunta, yana feɗe abin da suka kamo, yana rubuta abin da idonsa ya gani. Ta haka ya gane cewa dolfin, duk da kamarsa da kifi, iska yake shaƙa, kuma uwar tana shayar da ɗanta nono. Ya bayyana wani ƙaramin kifin shak wanda 'ya'yansa suke girma a cikin uwa, maƙale da abin da ya yi kama da mabiyiya. An daɗe ana shakkar wannan magana, sai a 1842 masanin Jamus Johannes Müller ya tabbatar da ita. Littattafan Aristotal sun ambaci nau'in dabbobi kusan 500, an kuma fassara su zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, har al-Jahiz ya amfana da su.

Daga Kalloni in aka nufi yamma za a iske ƙauyen Eresos, mahaifar Tiyofarastus, abokin aikin Aristotal, wanda ake ɗauka uban ilmin tsirrai. Gaba kaɗan kuma ga Sigri, inda wani daji ya zama dutse. Kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce, tokar duwatsu masu aman wuta ta binne itatuwan wurin. Ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya ratsa su sannu a hankali, ya maye gurbin ƙwayoyin itacen, har yau ana iya ƙirga zoben shekarun wasu kututture.

Sai dai Aristotal ma ya yi kure. Da bai ga ƙwan wani kifi mai kama da maciji ba, sai ya yanke hukuncin cewa daga laka yake tsirowa. Ɗalibin ƙasar Hausa zai fahimci yadda hakan ta faru in ya tuna da gaiwa, wadda take binne kanta cikin taɓo duk rani tana shaƙar iska da huhu, sa'an nan ta fito da saukar ruwa. Wanda bai bi rayuwarta daga farko ba zai rantse laka ce ta haife ta. Gani ɗaya ba ya isa hujja, sai an maimaita.

Makarantu da yawa suna kukan rashin kayan gwaje-gwaje, kuma kukan yana bisa gaskiya. Amma Aristotal bai mallaki madubin ƙara girma ba. Gonakin Ungogo cike suke da abin nazari: gawo yana kakkaɓe ganye da damina ya tofo da rani, kuma manoma sun san gero ya fi kyau a gindinsa, shamuwa tana zuwa gab da faɗuwar ruwa, talibambam yana zama kwaɗo a kududdufin bayan gari. Malami zai iya ba kowane ɗalibi itace guda ko kududdufi guda, ya riƙa ziyartarsa mako-mako, yana rubuta kwanan wata da abin da ya gani, yana kuma tambayar dattawan manoma kamar yadda Aristotal ya tambayi masuntan Kalloni. In zangon karatu ya ƙare, sai a gwama littattafan a cikin aji, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.