Sa Alama da Adana Wuri a Taswirar Wayar Hannu: Misali daga Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake sa wa wuri alama a taswirar da ke cikin wayar hannu, da yadda ake adana alamar, da kuma sharuɗɗan da za a cika kafin ta zama shaidar da hukuma za ta iya dogara da ita. An zaɓi ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi domin misali, saboda a cikinsu akwai tsohon birni mai tarihi, akwai fadama mai cika da ruwa duk shekara, akwai kuma tungaye da rugage masu yawa waɗanda baƙo ba ya iya kai kansa gare su sai da ɗan jagora. Abin da za a nuna shi ne cewa na'ura lambobi kawai take bayarwa. Tsayawa a wurin da ya dace, da rubuta sunan da ya dace, da ajiye bayanin inda wani zai same shi, duk suna wuyan ɗan'adam.

Kwatance Kafin Zuwan Na'ura

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga ilmin sanin wurare. Fatake sun san hanyoyinsu da zango-zango da rijiya-rijiya, malamai kuma sun rubuta labarin ƙasashe, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi a farkon littafinsa Infaƙul Maisuri. A 1824, lokacin da Baturen Ingila Kyaftin Kilafaton ya sauka Sakkwato, Bello ya ba shi taswirar da ke nuna yadda kogin Kwara yake gudu da ƙasashen da ke kewaye da shi, aka kuwa buga ta a Landan a 1826. A 1853, a zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yi kwanaki a Gwandu. Da agogo da kamfas yake lissafin tafiyarsa, yana rubuta sunan kowane gari da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya kai shi, daga baya aka zana taswira da waɗannan bayanai a Turai.

Duk wannan ilmi a kan kwatance aka gina shi, watau a ce wuri kaza yana gabas da wuri kaza, tafiyar yini ɗaya, ko kuwa a ce gonar wane tana bayan tsamiya, dab da tsohuwar rijiya. Kwatance yana biyan bukata muddin tsamiyar tana tsaye, wanda ya san ta kuma yana raye. Ran da aka sare ta, ko ambaliya ta share iyaka, sai gardama ta tashi.

Lambobi Biyu

Masana labarin ƙasa sun raba doron duniya da layuka iri biyu. Na kwance suna nuna nisan wuri arewa ko kudu da ekwaita, na tsaye kuma suna nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinic a Ingila. Da digiri ake auna su. Garin Gwandu yana wajen digiri 12.50 arewa da 4.64 gabas, Kalgo kuwa wajen 12.33 arewa da 4.20 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, daga yamma zuwa gabas kuma, a wannan yanki, kimanin 109. Wanda ya yi lissafi da waɗannan zai ga cewa tsakanin garuruwan biyu akwai wajen kilomita 50 a miƙe, ko da yake hanyar mota ta fi haka.

Yawan alƙaluman da ke bayan ɗigo shi ke nuna ƙarfin tantancewa. Alƙalami biyu suna nuna wuri cikin faɗin kilomita guda, uku cikin mita 111, huɗu cikin mita 11, biyar kuwa cikin mita guda da 'yan kai. Saboda haka alƙalami biyu sun isa a nuna gari, amma rijiyar burtsatse ko kusurwar gona tana bukatar biyar. Akawun da ya ga lambobin sun yi masa tsawo ya datse wutsiyarsu, to, ya mai da rijiya unguwa guda. Haka nan wanda ya juya su, ya sa ta gabas a gurbin ta arewa, ya ɗauke Gwandu ya kai ta tsakiyar ƙasar Kamaru.

Yadda Waya Take Sanin Inda Take

Wayar hannu tana samun waɗannan lambobi daga taurarin ɗan'adam. Tsarin da aka fi sani, watau GPS, na ma'aikatar tsaron Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala tsayuwa a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowane yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma suna da nasu, wayoyin yanzu kuma sukan saurari fiye da ɗaya. Kowane tauraro yana aiko da saƙon inda yake da lokacin da ya aiko. Waya takan auna jinkirin isowar saƙon, ta san nisanta da tauraron, idan kuma ta sami huɗu ko fiye sai ta fitar da matsayinta. Tun da saƙon yana tafiya da saurin haske, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300.

Har zuwa watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka tana gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan. Bayan ta daina, sai amfaninsa ya yaɗu, aka kafa OpenStreetMap a 2004, Google Maps kuma ya fito a 2005. A yau waya mai kyau, a fili ƙarƙashin sarari, takan faɗi matsayinta da kuskuren da bai wuce mita biyar ko makamancin haka ba. A cikin ɗaki mai rufin kwano, ko a gindin babbar bishiya, kuskuren yakan ninka. Ya kamata a lura cewa sauraron tauraro ba ya bukatar layin sadarwa ko kuɗin data. Hoton taswirar ne yake bukatar intanet, shi ma ana iya sauke na yankin da za a je tun daga gari, a yi aiki da shi a daji.

Sa Alama da Adana Ta

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce mutum ya duba taswira ko hoton da aka ɗauko daga sama, ya ɗora yatsa a kan wurin ya ɗan daɗe, sai alama ta sauka, lambobinta su bayyana. Ta biyu ita ce ya je wurin da ƙafarsa, ya sa alama a kan shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake tsaye. Hanyar farko ta fi sauƙi, amma hoton sama yakan zama tsoho, kuma daga sama ajin makaranta da ɗakin shan magani duk kwano ne. Hanya ta biyu ita ce ta aikin hukuma. Sharaɗinta shi ne haƙuri, domin kewaye da shuɗin ɗigon akwai da'ira mai nuna girman shakkar na'urar, sai a jira ta tsuke kafin a danna.

Bayan alama ta sauka sai a ba ta suna, a adana ta cikin jeri, misali jerin rijiyoyi dabam, na makarantu dabam. A nan akwai bambancin da mutane da yawa ba su lura da shi. Abin da mutum ya adana yana cikin asusunsa ne, ba mai ganinsa sai shi da wanda ya aika wa. Sa wuri a taswirar da duniya ke gani wani aiki ne dabam, wanda ake miƙa wa masu manhajar su duba, ko kuwa a shigar da shi a OpenStreetMap, inda masu sa kai suke zana taswirar da hannunsu.

Matsalar Suna

Lambobi ba su da harshe, amma suna yana da shi. Barth ya rubuta Gando, haka kuma Turawan mulki suka daɗe suna rubutawa. Kalgo sunan itace ne da ke ko'ina a ƙasar Hausa, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami wurare da dama masu wannan suna. Sabon Gari da Tungar wane da Unguwar wane ba su ƙirguwa. Har ila yau akwai ruɗanin da tarihi ya haifar. Gwandu ita ce hedkwatar yammacin daular Usmaniyya, a nan kuma hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, amma tun farkon mulkin Turawa fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi. Baƙon da ya nemi fadar da sunan Gwandu kawai yana iya tsintar kansa a wani gari dabam. Haka Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, sunanta na Birnin Kebbi ne, mazauninta kuwa a ƙasar Kalgo yake.

Maganin wannan shi ne a rubuta suna cikakke, a haɗa da gunduma da ƙaramar hukuma, a ce rijiya kaza, ƙauye kaza, gundumar Diggi, Kalgo, ko makaranta kaza, gundumar Dalijan, Gwandu. A tambayi mai unguwa ko dagaci yadda mutanen wurin suke kiransa, idan kuma Fulanin wurin suna da nasu sunan dabam, a rubuta duka biyun.

Abin da ke Rataye a Kan Alama

Babban misalin amfanin wannan aiki a arewacin Nijeriya shi ne yaƙi da cutar shan inna. A da, masu allurar rigakafi da taswirar da aka zana da hannu suke aiki, ƙananan ƙauyuka da rugage da yawa kuwa ba sa cikinta, musamman waɗanda ke bakin iyakar gunduma biyu, inda kowane ɓangare yake zaton na ɗaya ne. Daga 2012 aka soma zana taswirar matsugunai daga hotunan sama, ana aika mutane su tabbatar da sunayensu, ana kuma ba ma'aikata wayoyi masu rubuta inda suka taka. Ta haka aka gano wuraren da ba a taɓa kai wa ba. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Taswira ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma ta nuna cewa yaron da ƙauyensu ba ya cikin takarda, allura ba ta isa gare shi.

Misali na biyu yana fadama. Gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya wuce ta ƙasar Kalgo zuwa Bunza, a gefensa kuma ake noman shinkafar da jihar ta yi suna da ita. Ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu yawa a Jihar Kebbi. Idan ruwa ya janye yakan bar yashi da laka a kan kunya da iyaka. Manomin da malamin gona ya taka kusurwoyin gonarsa huɗu ya adana lambobinsu tun da rani yana da abin nunawa, ko wajen neman tallafi ko wajen sulhu a gaban dagaci.

Sai dai akwai iyaka. Kuskuren mita biyar ba kome ba ne wajen neman rijiya, amma ya isa ya cinye rabin fegi a cikin gari. Bugu da ƙari, tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka gina su, waya kuwa tana aiki da ma'aunin duniya na 1984, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana kai gomman mitoci. Don haka alamar waya ba ta maye gurbin aikin safiyo mai lasisi wajen takardar mallakar fili.

Amanar Bayani

Jami'in da ya adana wuraren rijiyoyin ƙaramar hukuma a asusunsa na kansa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko wayar ta ɓace ya manta kalmar sirri, aikin ya tafi da shi. Wajibi ne a fitar da lambobin a zuba su cikin rajistar ofis, a kwamfuta da kuma a takarda, tare da sunan wurin, da ranar da aka ɗauka, da muƙamin wanda ya ɗauka, da girman kuskuren da wayar ta nuna. Haka kuma ba kowace alama ce ta bainar jama'a ba. Wurin makaranta da asibiti da kasuwa haƙƙin kowa ne ya sani. Gidan mutum da makwancin garkensa kuwa, a wannan zamani na ɓarayin shanu da masu satar mutane, sirri ne da ba a bazawa sai da izininsa. Ko hoton da aka ɗauka da waya yakan ɗauki lambobin wurin a ɓoye cikinsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa alama ingantacciya tana da rukunai uku: lambobi cikakku da aka ɗauka a wurin, suna cikakke da mutanen wurin suka yarda da shi, da ma'ajiya wadda ta fi ƙarfin wayar mutum ɗaya. Ɗaliban jami'a suna iya ɗaukar gunduma guda, Zuguru ko Kambaza, su taka makarantunta da rijiyoyinta da gadojinta a lokacin hutu, su miƙa wa ƙaramar hukuma. Ma'aikata kuwa su daina karɓar rahoton kammala aiki sai da lambobin wurinsa, domin a iya zuwa a gani da ido. Idan aka yi haka, tunga mai gida goma za ta shiga lissafin gwamnati kamar yadda birni yake ciki.