Ɗakin Wasan Yara: A Sa Launi, Amma A Duba Gwangwanin Fenti

Da zarar ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai kasuwar masu fenti ta buɗe. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Zonkwa zuwa Numan, duk gidan da ya sami 'yan kuɗin amfanin gona yana so ya gyara fuskarsa kafin Kirsimati. Da falo ake farawa, sa'an nan ɗakin maigida. A majami'a kuwa, gaban bagadi da ofishin fasto. Inda yara suke wuni, watau ɗakinsu na gida, ko ajin Makarantar Lahadi, ko ɗakin renon da mata suke barin ƙanana lokacin sujada, shi ne ake ba ragowar da ta kwanta a gindin bokiti, in ma an tuna da shi.

Abin ya fara canzawa. Iyaye da yawa, da ƙungiyoyin Zumuntar Mata, suna ware ɗaki ko kusurwa domin wasan yara, suna kuma so a yi masa launi mai ɗaukar ido: ja, rawaya, kore, shuɗi, ruwan lemo. Wannan abu ne mai kyau, ba kuwa baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Wanda ya ga zanen da magina suke yi a fuskar gidajen birnin Zariya da Kano, ko yadda mata a ƙauye suke shafe ɗaki da farar ƙasa su zagaye gindinsa da jar ƙasa, ya san mun daɗe da sanin daɗin bango mai ado. Abin da ya canza shi ne kayan aikin. Farar ƙasa daga rami ake haƙo ta, kowa ya san abin da ke cikinta. Fenti kuwa a gwangwani yake zuwa, mai saye bai san abin da aka zuba a ciki ba.

Bari mu fara da tambayar da aka fi yi: launi nawa ya ishi ɗaki ɗaya? Mutane da yawa suna tsammani in dai ɗakin yara ne, to, kowane bango da nasa launi, a ƙara da hotunan zaki da giwa da baƙaƙen ABCD har rufi. Masu bincike sun gwada wannan. A shekarar 2014, malaman Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun koyar da yara 24 'yan ajin share fage darussa shida, uku a ɗakin da aka cika bangonsa da hotuna, uku a ɗakin da ba a rataya kome ba. Da aka yi musu tambayoyi, sun ci kashi 55 cikin 100 na darussan ɗakin da ba ado, amma kashi 42 kawai na darussan ɗakin da aka cika. Idonsu yana bango, malama tana ta magana.

Kada kuma a ce a bar bango fari fat kamar na asibiti. A shekarar 2015 Jami'ar Salford ta Ingila ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a azuzuwa 153 na makarantun firamare 27. Azuzuwan da yara suka fi ci gaba a cikinsu su ne na tsaka-tsaki, masu bango mai haske, tare da bango guda mai launi mai ƙarfi. Wannan shawara ta dace da mu ƙwarai, gama yawancin ɗakunanmu tagoginsu ƙanana ne, wutar lantarki kuma ba abin dogara ba ce. Bango uku masu ruwan madara ko shuɗi mai haske za su mayar da hasken rana cikin ɗaki, na huɗun a ba shi launin da yaran suka zaɓa. A tambaye su mana, ai ɗakinsu ne. In ɗakin na kwana ne kuma, a rage ja, domin ɗaki ja zur da tsakar rana a watan Afrilu ko babba ba ya son zama a ciki.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Launukan nan da yara suka fi so, rawaya, ja da ruwan lemo, su ne waɗanda aka fi samun dalma a cikinsu, idan fentin na mai ne. Dalili kuwa shi ne, masu haɗa fenti sun daɗe suna amfani da wani gari mai dalma wajen fitar da waɗannan launuka, saboda yana da araha, yana da haske, ba ya kuma saurin koɗewa. Kore ma yakan shiga ciki, tun da rawaya da shuɗi ake haɗawa a same shi. Har ila yau akan zuba dalma a fentin mai domin ya bushe da sauri, da kuma a jan fentin da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa.

Sunan dalma ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Wancan daga dutsen ma'adini ne, gubar kuma mai yawa ce ƙwarai. Ta fenti ba ta cika kashe yaro nan take ba. A hankali take aiki, shi ya sa ba a lura da ita. Tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, yaro ya zama ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya, jininsa ya ragu, a gida a ce ƙiriniya ce, a makaranta a ce daƙiƙi ne. Ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini, kome ƙanƙantarsa, da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa daga dalmar da aka haɗiya. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jini da ƙashi, nasa ya fi haka. Mace mai ciki kuma tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta.

Yaya fentin da ke bango zai shiga cikin yaro? Ranar da aka shafa shi yana ƙyalli, ba ya zuwa ko'ina. Bayan damina biyu ko uku sai ya fara tsagewa yana ɓarewa, ƙofa da taga suna goga shi kullum, ya zama ƙura ya sauka a ƙasa. Mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa, ya kai baki. Wani ma da haƙori yake gatsar bakin taga ko gefen benci. Ga kuma wata al'ada tamu da ta ƙara dagula al'amarin: a makarantu da ɗakunan yara, an saba a shafa fentin ruwa a sama, a shafa fentin mai daga tsakiyar bango zuwa ƙasa, wai don a riƙa wanke dattin hannu. Watau daidai tsawon yaro, nan muke sa fentin da ya fi haɗari. Haka ƙananan kujeru, da lilo, da ƙarfen taga, duk da fentin mai ja da rawaya ake yi musu ado.

Amurka ta hana dalma a fentin gidaje tun 1978. A nan kuwa, bisa rahoton da suka fitar a shekarar 2017, ƙungiyar SRADev ta Legas tare da ƙungiyar IPEN ta ƙasa da ƙasa sun sayi gwangwani 60 na fentin mai a kasuwa suka kai ɗakin gwaji. Kusan uku cikin huɗu sun wuce iyakar da duniya ta fi yarda da ita, watau kashi 90 cikin miliyan ɗaya. Fiye da rabi sun haura kashi 10,000, wanda ya fi duka yawa kuma rawaya ne. A 2023 hukumar kare muhalli ta NESREA ta sa wannan iyaka ta 90 cikin dokokinta, waɗansu kamfanoni kuma sun daina amfani da dalma. Amma doka ba ta kankare fentin da aka shafa a bango tun shekaru goma da suka wuce, ba ta kuma shiga bayan shago inda ake dama fenti a durum ana ɗura wa a gwangwanin da ba suna.

Labari mai daɗi shi ne, fentin ruwa, wanda masu fenti suke kira emolshon, ba kasafai ake samun dalma a cikinsa ba, kuma ana samunsa a kowane launi. Akwai irinsa mai santsi, wanda ake kira satin a shago, da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ya kamata ya maye gurbin fentin mai a rabin bango na ƙasa. Ya fi tsada kaɗan, amma ba sai an saye shi don dukan ɗaki ba. In dole ne a yi amfani da fentin mai, alal misali a ƙofar ƙarfe, a sayi na sanannen kamfani, gwangwani a rufe, mai suna da adireshi da tambarin hukumar SON, a kuma nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba dalma. Kada kwamitin gini ya miƙa wa mai fenti kuɗi kawai ya ce je ka sayo. Mutum ɗaya ya bi shi kasuwa, domin mai aikin kwangila, ba don mugunta ba, mafi araha zai ɗauko.

Ɗakin da ke da tsohon fentin mai shi ya fi bukatar hankali. In fentin yana nan lafiya bai tsage ba, gara a wanke shi, a sa fentin share fage, a shafa sabon a kai, a riƙa dubawa kowace shekara. In yana ɓarewa, kada a goge shi da samfefa a bushe, kada kuma a ƙona shi da wuta; waɗannan biyu su ne suke cika ɗaki da guba. A fitar da tabarmi da kayan wasa, a shimfiɗa leda, a yayyafa wa bangon ruwa kafin a kankare, a naɗe ledar da tarkacen a kai inda yara da kaji ba sa tono. Bayan haka a goge ƙasa da ruwa da sabulu, ban da tsintsiya. Yara da mata masu ciki kada su leƙa sai an gama. Nan ne aikin gayya yakan jawo matsala, gama ranar Asabar 'yan Makarantar Lahadi ake tarawa a ce su taya kankara. Wannan aiki na manya ne, kuma wanda ya yi shi ya sauya tufa ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri.

Tun da ana maganar dalma, iyaye mata su sani cewa kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai shi ma ma'adinin dalma ne. Gyara bango ba zai yi amfani sosai ba in ana sa wa yaro ita a ido kowace safiya.

Game da lissafin kuɗi: ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 tsayi, in an cire ƙofa da tagogi, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau takan rufe kimanin mita 10 a shafa ɗaya, don haka shafa biyu za ta ci galan biyu masu lita huɗu-huɗu, ko uku in bangon mai shan ruwa ne. Launin bango na huɗu da na 'yan zane-zane ba sai an sayi kowanne ba: ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, ja da fari ruwan hoda, shuɗi da rawaya kore. Sabon yaɓen siminti a ba shi kamar mako huɗu ya bushe, bangon da ke tsotsar ruwa daga ƙasa kuma a gyara shi tukuna, in ba haka ba fentin zai kumbura da damina. Da hunturu a yi aikin da safe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a tsakar gida saboda ƙura.

Yara za su yi rubutu a bango, ko an hana ko ba a hana ba. Maimakon bulala, a ware musu ƙafa uku daga ƙasa a bango ɗaya, a shafa fentin allo irin na ruwa, a ajiye alli a gwangwani kusa da shi. Idan an gama aikin duka, a bar tagogi a buɗe kwana biyu ko uku har warin ya fita, sa'an nan a mayar da tabarmi a kira su.