GIRGIZAR ƘASA A MAROKO: ME YA SA ƊAKUNA SUNKA FAƊI?

Ran Juma'a 8 ga watan Satumba 2023, da ƙarfe 11 na dare, ƙasa ta girgiza a Maroko. Abin ya faru cikin duwatsun Atlas, kamar kilomita 70 daga birnin Marakesh. Mutane da yawa sun riga sun kwanta. Kafin su kai bakin ƙofa, rufi ya zubo musu. Sama da mutum 2,900 sunka rasu. Gidaje fiye da 50,000 sunka rushe ko sunka tsage. Allah ya jiƙan su.

Mafi yawansu mutanen ƙauye ne, manoma da makiyaya. Ɗakunansu na ƙasa ne da dutse, da rufin itace an zuba ƙasa bisa. Kun ga ke nan ginin bai yi nisa da namu ba.

Me ke kawo girgiza? Ƙarƙashin ƙasa akwai manyan faya-fayan dutse. Wanda Afirka ke bisa yana turin na Turai sannu-sannu, abin da bai kai faɗin yatsa ba a shekara. Dutse ya yi ta matsuwa, wata rana sai ya karye kamar busasshen icce. Karyewar nan ita ce girgiza. Nijar tana nesa da wurin da faya-fayan ke haɗuwa, shi ya sa ba mu saba da ita ba.

To, ƴan'uwa, ku lura da kyau. Wanda girgiza ta iske a fili, da wuya ya mutu. Ɗaki ne ke faɗa wa mutum. Bangon ƙasa ya iya ɗaukar nauyi daga sama, amma bai jure turi daga gefe. Girgiza kuwa gefe da gefe take kaɗa ɗaki, kamar mace na tankaɗe. Kusurwa ce ke fara tsagewa. Bango huɗu su rabu, kowane ya yi tasa hanya. Azara ta zame daga mazauninta, sai rufi ya sauka da dukan nauyinsa.

Wasu sun ce laifin ginin ƙasa ne, a koma wa siminti. Maganar ba ta cika ba. A 1960 girgiza ta rushe birnin Agadir na Maroko (ba Agadas tamu ba), mutum fiye da 12,000 sunka rasu, kuma har manyan benaye na siminti sun faɗi. Siminti da ba a sa masa ƙarfe yadda ya kamata ba, shi ma kisa yake. Mafi muni shi ne a zuba rufin siminti mai nauyi bisa tsohon bangon ƙasa.

Abin da masana gini ke nema shi ne ɗaki ya zama abu guda. Suna yi masa ɗamara: a jera itace mai ƙarfi bisa kan bango kewaye da ɗakin, a ɗinke shi da ƙusa a kowace kusurwa, sannan a ɗaure azara jikinsa. Ku dubi kwando. In bakinsa na da ƙarfi, ko an jefar da shi bai warwarewa. Haka ɗaki mai ɗamara. Rufi kuma a rage masa nauyi. Kowace shekara a ƙara ƙasa bisa soro ba a kwashe tsohuwa ba, wannan ɗora wa kai kaya ne. Ƙofa da taga su zama ƙanana, nesa da kusurwa. Dogon bango a yi masa madogari. Tushe kuma na dutse, don ruwa kada ya ci gindin bango, domin jiƙaƙƙen bango ya riga ya rasa rabin ƙarfinsa.

A ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, talakawa na zama cikin ɗakin tubali, kuma girgiza ba baƙuwarsu ba ce. Malaman wata jami'a a birnin Lima sun gina ɗakuna bisa wani babban tebur da inji ke kaɗawa. Ɗakin da ba a ɗaure ba ya zube. Wanda anka naɗe da ragar igiya, anka yaɓe bisa, ya tsattsage amma ya tsaya. Bango ya lalace, na ciki ya fita da ransa. Igiya da itace ba su fi ƙarfin talaka ba.

Maroko tana da dokar ginin ƙasa tun 2013. Amma ɗakunan ƙauye da yawa sun girme ta, kuma takarda ba ta gina ɗaki sai magini ya san abin da ke cikinta. Bayan girgizar, gwamnati ta yanke ba da dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe duka, 80,000 ga wanda nasa ya lalace.

Samarinmu masu tafiya bida arewacin Aljeriya ko Maroko, ku riƙe wannan. In kunka ji ƙasa na rawa, ku duƙa, ku kare kai, ku shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi. In kuna waje, ku nisanci bango da wayar lantarki. Kada ku koma kwana cikin tsagaggen ɗaki, don ƙananan girgiza kan biyo bayan babba har kwanaki da yawa.