Annoba Ba Ta Soke Darajar Ɗan Adam: Iyakar Ikon Hukuma A Lokacin Kulle Da Dokar Ta-Ɓaci

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2020 ba zai manta da ranar Lahadi 12 ga watan Afrilu ba. Ranar Ista ce, ranar da muka saba cika majami'u maƙil, ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata kowa da shirinsa. Amma a garuruwa da yawa na ƙasar nan ƙofofin majami'u a garƙame suke, ba ƙararrawa, ba ganga. Iyalai suka yi sujada a tsakar gida, waɗansu ta rediyo, waɗansu ta wayar hannu. Maƙwabtanmu Musulmi su ma haka suka ga masallatan Juma'a a rufe. Dalili kuwa shi ne cutar korona, wadda aka fara samu a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, kana Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris.

A cikin makon da ya biyo bayan Istan nan, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto mai tayar da hankali. Ta ce daga 30 ga Maris, ranar da aka soma kulle a Legas da Abuja, zuwa 13 ga Afrilu, ta karɓi ƙorafi 105 daga jihohi 24, kuma jami'an tsaro sun kashe mutum 18. A daidai wannan lokaci cutar kanta ba ta kashe adadin haka a ƙasar nan ba tukuna. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura. Ban da waɗanda suka rasa rayukansu, da yawa sun sha bulala da tsallen kwaɗo a kan titi, waɗansu aka karɓe musu 'yan kuɗinsu a shingen bincike.

To, mai karatu, shin hukuma na da ikon tsare mu a gida da rufe mana wuraren sujada saboda annoba? In tana da shi, ina iyakarsa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa a kan korona tun watan Mayu na 2023, amma sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lasa ba su yi mana sallama ba. Gara mu san amsar tun kafin wata ta sake faɗowa.

Killacewa ba zalunci ba ne

Bari mu fara da gaskiyar da waɗansunmu ba su so ji ba a lokacin. Ware mai cuta mai yaɗuwa ba sabon abu ba ne, ba kuwa laifi ba ne. A Littafin Firistoci sura 13 an ɗora wa firist duba wanda ake zargi da cutar fata, ya ware shi kwana bakwai, sa'an nan ya sake duba shi, in da hali ya sallame shi. A lura, akwai wa'adi, akwai kuma sake dubawa. Ba a rufe mutum a manta da shi.

A watan Yuli na 2014 wani matafiyi ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Da ya nemi fita daga asibiti, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba kuwa aka tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar nan. Da an bar mutumin nan ya shiga gari da sunan 'yancinsa, Allah kaɗai Ya san yawan gawarwakin da za a kwasa. Saboda haka dokokin duniya ba su hana gwamnati taƙaita zirga-zirga ba. Abin da suka yi shi ne sun sa mata linzami.

Abubuwan da ba a taɓawa

Babbar dokar da ta yi magana a kan wannan ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda aka amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 1993. Sashe na 4 ya yarda ƙasa ta jingine waɗansu haƙƙoƙi na ɗan lokaci, amma da sharuɗɗa. Dole ya zama bala'in yana barazana ga rayuwar al'umma ɗungurungum. Dole a yi shelar dokar ta-ɓaci a fili. Dole matakin ya tsaya daidai gwargwadon larurar. Ba za a nuna bambancin launin fata, ko jinsi, ko yare, ko addini, ko asali ba. Har ila yau dole ƙasar ta sanar da sauran ƙasashe ta hannun Babban Sakataren Majalisar abin da ta jingine da dalilinta.

Sa'an nan sashen ya lissafta abubuwan da ba a taɓawa ko da sama da ƙasa za su haɗu. Ba a kashe mutum haka kawai. Ba a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi. Ba a bautar da shi. Ba a ɗaure shi don kawai ya kasa cika alkawarin ciniki. Ba a hukunta shi da dokar da aka kafa bayan ya aikata abin. Ba a hana shi matsayinsa na mutum a gaban shari'a. Ba a kuma ƙwace masa 'yancin tunani da lamiri da addini. Wato ɗan sandan da ya harbe direba don ya fito lokacin kulle, ko sojan da ya sa dattijuwa birgima a cikin kwata, ba shi da wata doka, ta gida ko ta waje, da zai laɓe a bayanta.

Tsarin mulkinmu na 1999 ma ya bi wannan hanya. Sashe na 305 ya ce shelar dokar ta-ɓaci sai ta sami amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, kuma wa'adinta wata 6 ne sai in an sabunta. Da shi aka yi aiki a Jihar Filato a 2004, da kuma Borno da Yobe da Adamawa a 2013. A lokacin korona kuwa ba a yi shelar dokar ta-ɓaci ba, wata tsohuwar dokar killace masu cuta ta zamanin Turawa, ta 1926, aka ɗauko. Ke nan babu haƙƙin da aka jingine bisa ƙa'ida, taƙaitawa kawai aka yi.

Batun rufe majami'u

A nan wani zai ce, tun da 'yancin addini ba a taɓa shi, ashe rufe majami'u haramun ne ke nan? Ba haka ba ne. Sashe na 18 na yarjejeniyar ya raba abu biyu. Akwai bangaskiyar da ke cikin zuciya, wadda ba mai ikon tilasta maka ka bari ko ka sauya. Akwai kuma bayyana ta a fili, kamar taron sujada, wanda doka za ta iya taƙaitawa domin kare lafiyar jama'a. Abin da ya kamata ikilisiya ta sa wa ido shi ne adalci. In an rufe majami'a, a rufe masallaci, in an buɗe wannan, a buɗe wancan. In kuma an bar tarurrukan siyasa da bukukuwan manya suna gudana alhali wuraren ibada na garƙame, to, akwai abin tambaya.

Ma'aunin Sirakusa

A 1984 masana shari'a daga ƙasashe dabam-dabam suka taru a garin Sirakusa na ƙasar Italiya, suka tsara ƙa'idojin da har yau ake auna irin waɗannan matakai da su. A taƙaice, matakin ya kasance a rubuce cikin doka, ba umurnin baki na wani mai kaki ba. Ya kasance domin wata manufa ta gaskiya. Ya zama lalle ana bukatarsa, kuma babu wata hanya mai sauƙi da za ta biya bukatar. Kada ya zama na son zuciya. A kuma bar ƙofar da wanda aka cuta zai kai ƙara.

Abin da ya faru a unguwar West Point ta birnin Monrobiya ya nuna amfanin wannan ma'auni. Ranar 20 ga Agusta, 2014, gwamnatin Laberiya ta sa sojoji suka kewaye unguwar, mai dubun dubatar talakawa, da wayar ƙaya saboda Ebola, ba tare da shirin abinci ko ruwa isasshe ba. Mutane suka yi bore, aka buɗe wuta, wani yaro matashi ya mutu sakamakon harbi. Masu hali suna ba da cin hanci su fice. Bayan kwana 10 dole aka janye. Mu ma a nan mun ga yadda kulle ya zama ga mai tura baro da mai sayar da ƙosai, waɗanda sai sun fita suke samun na tuwo. Mun ga yadda aka riƙa cusa almajirai cikin motoci ana mayar da su jihohinsu, waɗansu aka same su da cutar bayan sun isa. A watan Oktoba na 2020 kuma jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Legas da waɗansu garuruwa, suka tarar da abinci jibge. Wanda ya hana mutum fita neman abinci, wuyansa na ɗauke da alhakin cikinsa.

Yarjejeniyar Afirka ta fi tsanani

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummai, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ba ta da sashen jingine haƙƙoƙi sam. A 1995 hukumar da ke kula da ita a Banjul ta duba ƙarar da aka kai gwamnatin Chadi kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, ta yanke cewa ko yaƙin basasa ba hujja ba ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, gama Nijeriya ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasa tun 1983, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2000 a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi. Ita ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba a mayar da ita dokar gida ba, don haka wanda zai je kotu ya fi dogara da babi na 4 na tsarin mulki, da Yarjejeniyar Afirka, da dokar hana azabtarwa ta 2017.

Darasin Kano

Ba bindiga kaɗai ke tauye haƙƙi a lokacin annoba ba. A 1996, sa'ad da sanƙarau ke kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin magani na Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce ya sami yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar duniya, a shekarar ce kuma kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Sashe na 7 na yarjejeniyar 1966 ya hana irin wannan gwaji, yana kuwa cikin waɗanda ba a taɓawa.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wannan lamari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa har zuwa waɗansu ƙasashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukumar da ta zubar da amanar jama'a a annobar yau, ba za su saurare ta a ta gobe ba.

Ina aikin ikilisiya?

Mu masu bi mun gaskata an halicci mutum cikin siffar Allah, wannan daraja kuwa ba gwamnati ce ta ba shi ba balle ta karɓe. An kuma koya mana yin biyayya ga mahukunta. Biyun ba su saɓa wa juna ba. Manzo Bulus, wanda ya koyar da biyayyar, shi ne a Filibi, bayan an yi musu dūka shi da Sila ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye sai da mahukuntan suka zo da kansu. Labarin na nan cikin Ayyukan Manzanni sura 16.

Saboda haka in annoba ta sake zuwa, fasto ya zama na farko wajen bin umurnin likitoci, kada ya tara jama'a a ɓoye da sunan bangaskiya. Dattawan ikilisiya su san gidajen gwauraye da marayu da masu aikin yini, Kirista ne ko Musulmi, a kai musu hatsi tun kafin yunwa ta kore su kan titi. In an doki wani ko an harbe shi, a rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, a nemi takardar asibiti, a kai wa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka kafa tun 1995, ko Babbar Kotu kamar yadda sashe na 46 na tsarin mulki ya ba da dama. Lauyoyin da ke cikinmu su ba da lokacinsu kyauta. 'Yan'uwanmu masu kaki da muke zama benci ɗaya da su ranar Lahadi kuwa, a tuna musu cewa umurnin na gaba ba zai wanke hannun da ya zubar da jinin marar laifi ba.

Iyalan mutum 18 ɗin nan sun binne nasu a lokacin da ko zaman makoki ba a yarda a taru a yi ba. Mu tuna da su cikin addu'a. Ubangiji Ya kiyaye ƙasarmu daga annoba, Ya ba shugabanninmu hikima da tsoron Allah, Ya ba mu kuma bakin faɗin gaskiya cikin ladabi. Amin.