Bin Sawun Narkakken Dutse Tun Kafin Ya Kwararo

Duk wanda ya taɓa kifar da kwanon kunu a tsakar gida ya san kunu ba ya tafiya inda ya ga dama. Gangare yake bi, ya kauce wa tudu, in ya tarar da ɗan rami ya cika shi sannan ya wuce. In tsararo ne ya yi nisa, in mai kauri ne ya tsaya kusa, kuma yana hucewa yana ƙara daskarewa. Narkakken dutsen da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa haka yake, sai dai zafinsa yakan haura digiri 1,000, kuma wani lokaci gidajen mutane ne a gabansa.

Mutanen Goma, a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, sun san wannan. Dutsen Nyiragongo, mai tsawon mita 3,470, yana arewa da su, kuma abin da yake amayarwa tsararo ne ƙwarai, gudu yake yi. Ranar 17 ga Janairun 2002 ya ratsa tsakiyar gari, ya binne wani ɓangare na titin saukar jiragen sama, ya faɗa Tafkin Kivu. Sama da mutum 100,000 suka rasa matsuguni. Bayan haka ne masana daga Italiya suka zauna da wata manhaja mai suna DOWNFLOW, don su gano unguwannin da za a iya ci in dutsen ya sake tashi.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana ba kwamfuta taswirar ƙasar, an yayyanka ta gida-gida kamar gurabun dara, kowane gurbi da tsayinsa daga teku. Sai a nuna mata inda ƙasa za ta tsage. Daga nan ta duba gurabun da ke kewaye, ta zaɓi wanda ya fi gangara, ta matsa can, ta sake dubawa, har ta zana hanya guda.

To, amma hanya guda yaudara ce, kuma a nan dabarar take. Babu taswirar da ba ta da kuskure, sannan narkakken dutse da kansa yana sauya ƙasa: ya cika kwari, ya daskare, na bayansa ya hau ta kansa ya ɓalle wani gefe. Shi ya sa manhajar take taɓa taswirar da gangan, ta ɗaga wannan gurbi kaɗan, ta rage wancan, ba da wani tsari ba, ta sake sakin kwararar. Ta maimaita sau dubbai. A ƙarshe sai a ƙirga sau nawa wuta ta bi ta kowane gurbi. Inda ta yawaita bi a shafa masa ja, inda ba ta cika zuwa ba a bar shi da launi mai haske. Akwai manhajojin da suka fi wannan zurfi, irin su MAGFLOW da ake amfani da ita a dutsen Etna na Italiya, masu lissafa yawan abin da ke fitowa, da kaurinsa, da saurin hucewarsa, don a san awa nawa zai ɗauka kafin ya iso. Su kuma cin lokaci gare su, ga yawan bayanan da suke nema.

A ganina, babban abin da ya kamata mai kallon irin wannan taswira ya riƙe shi ne, amsarta ta rataya ne a kan “in”. In ƙasa ta tsage a nan, ga inda zai bi. Inda za ta tsage ɗin kuwa, da ranar, mutum ne ya gaya wa kwamfuta, shi ma hasashe ya yi. Ranar 22 ga Mayun 2021 Nyiragongo ya sake fashewa, kuma girgizar da ta sanar da zuwansa ba ta kai awa guda da farawa ba. Sama da mutum 30 suka mutu, wutar ta tsaya dab da filin jirgi.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi tayar da hankali. Ƙasa ta dinga girgiza, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna tana tsagewa tana motsi, lissafi ya nuna narkakken dutse na kutsawa ta ƙarƙashin garin, ya nufi Tafkin Kivu. A ƙasan tafkin nan akwai iskar gas jibge, har da irin wadda ta tashi daga Tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ta kashe mutum sama da 1,700. Ranar 27 ga Mayu hukuma ta ce a fita daga wasu unguwanni. Mutum wajen 400,000 suka kama hanyar Sake da Ruwanda, da katifu a ka da yara a goye. Narkakken dutsen ya tsaya a ƙarƙashin ƙasa, bai ɓullo ba, kuma a watan Yuni aka ce su koma gida.