Faifan Kawu da Ruwan Batir

A shekarar da rashin tsaro ya matsa wa ƙauyukan bakin dajin Rugu, muka kwaso Kawu daga Babban Duhu, cikin ƙasar Safana, muka dawo da shi Dutsin-Ma. Cikin kayan da ya kafe sai an ɗora a mota har da wata adaka mai nauyin tsiya. Da na buɗe, sai ga faya-fayen garmaho jibge, wasu cikin rigarsu ta kwali, wasu tsirara: na Mamman Shata, na Ɗanmaraya Jos, da waɗansu da gara ta cinye sunayensu.

Na aro na'ura wurin wani mai gyaran rediyo, muka ɗora na Shata. Abin da ya fito kamar ana tuyar ƙosai, muryar na can ƙasa tana neman hanya.

"Tsufa ne, ɗan nan," in ji Kawu. "Faifai ma yana furfura."

Na ce, "Kawu, ina jin dauɗa ce. Ku bar ni in gwada."

Wanda ya fara kiran abin nan faifai ya iya kallo. Yadda mata ke saƙa faifai, layi ɗaya yana zagaye cibiya, haka shi ma yake da kwari guda ɗaya tak a kowace fuska, siriri kamar gashi, yana naɗewa daga baki zuwa tsakiya. A babban faifai mai juyi 33 da 'yan kai a minti, irin wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, tsawon kwarin yakan haura mita 400. Waƙar tana cikin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen bangonsa, allura kuwa ba ta san bambancin kiɗan kalangu da ƙwayar rairayi ba. Duk abin da ta taka sai ta faɗa.

Mu nan ƙasar, hunturu ne babban abokin gaba. Kun san tas-tas ɗin da rigar leda ke yi idan aka tuɓe ta lokacin sanyi? Wannan lantarkin ne ke taruwa a jikin faifai, ya riƙa jawo ƙura. Maiƙon yatsa ya zo ya kwaɓa ta, ta daskare a gindin kwari. Goga da busasshen tsumma ƙara tura ta ciki yake yi.

A nan na yi wauta. Na ji ana cewa sifirit na cire maiƙo, na ɗauko wani ƙaramin faifai mai nauyi na goga da auduga. Audugar ta yi baƙi ƙirin, na ɗauka datti ne. Ashe faifan ne ke narkewa. Tsofaffin faya-faye masu juyi 78 ba na roba ba ne. Da wani irin ƙaro ake yin su, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, kuma sifirit narkar da shi yake. Za ka gane su da nauyi da sandarewa, in suka faɗi su fashe kamar tangaran. Na roba yakan ɗan lanƙwasu, kuma yana jure sifirit kaɗan cikin ruwa mai yawa. Kawu bai ce komai ba, wuni guda dai bai kira sunana ba.

Turawa sun ƙera injuna don wannan aiki. Na Keith Monks, da ya fito a Ingila a ƙarshen shekarun 1960 har BBC ta riƙa amfani da shi, yana juya faifai, a shafa ruwan wanki da buroshi, sannan wani ɗan bututu ya bi kwarin yana zuƙe ruwan tare da dattin. Na baya-bayan nan kwano ne da ake tsoma faifai a tsaye, injin ya girgiza ruwan kamar sau 40,000 a daƙiƙa, ƙananan kumfa su shiga lungun da buroshi ba ya kaiwa. Kuɗinsu ya fi ƙarfin irinmu, ga su da son wuta. Amma sirrin na farkon bai wuce ɗaya ba: kada ruwan datti ya bushe a kan faifai.

Shi na kwaikwaya. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin tabo, irin na cikin buta, don haka na sayo tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota. A kula, ruwan zalla, ba mai asid ba. Na ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya cikin kofi, na bi kwarin a zagaye da buroshi mai laushi, ina kauce wa takardar tsakiya. Na ɗauraye sau biyu, na tsane da tsumma marar gashi, na jingine su a inuwar ɗaki. Rana ba ta taɓa su ba, don lanƙwashe su take yi, kuma da wuya su miƙe.

Karce dai ba ya wankuwa. Wani faifan Ɗanmaraya har yau yana tsalle wuri guda, inda wani ya taɓa ɗora masa allurar ƙarfe ta garmaho mai wani.

Na Shata kuwa, da muka mayar bayan la'asar, tuyar ƙosan ta ragu sosai, har ana rarrabe kalangu da 'yan amshi. Kawu ya matso da kujerarsa, ya saurara har allura ta kai cibiya.

"Juya bayan," ya ce. "Riƙe shi ta baki, kada ka sa mini yatsa."